Kifin da Na Ba Ruwan Randa

Daga Tasawa, zuwa ga ɗana na fari, wanda yanzu yaran ƙauye ke kira Mushe, yadda ake kiran malamin boko a ƙasarmu.

Assalamu alaikum. Ina fatan ka sauka lafiya, ka sami ɗaki mai ƙofa, an kuma karɓe ka da sakin fuska. Allah ya sa ka taka garin nan da ƙafar dama, ya tsare ka daga sharrin hanya da na baƙunta, ya haɗa ka da maƙwabta masu tsoronsa. Babanka yana gaishe ka, ƙanwarka Zara'u ma haka. Ba zan cika ka da labarin gida ba, gida yana nan yadda ka bar shi.

Yau kwana huɗu da ka hau motar Mayahi, jakarka a sama, jan kifinka cikin ɗan bido, 'yar jarkar roba, a kan cinyarka, ka huda murfin don ya sami iska. Na tsaya a tasha ina ta yi maka faɗa a kan tabarma da fitila, abin da ya kai ni kuwa ban faɗe shi ba. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni sai da mota ta ɓace sannan na fara neman wuƙa. Jiya ina sharar ɗakinka na ɗaga katifa, na tarar da katinka na likita da ƙwayoyin da kake sha kullum. Na ce mantuwa ce. Zara'u ta sunkuyar da kai, sai da na matsa mata ta ce ba mantuwa ba ce. Wai ka ce ba ka son kowa a can ya san kana da amosanin jini, daga direktan lakwal, shugaban makarantar taku, har mai masaukinka, kada a fara yi maka kallon malamin da bai iya aiki ba.

Ƙauyen da aka tura ka yana can bayan Attantané, hanyar rairayi ce, kuma ka fi ni sanin abin da ke faruwa idan ciwon ƙashin nan ya tashi aka yi jinkirin kai ka likita. Ga katin da maganin na haɗo da wannan takarda. Amma kati ba ya magana, kuma na san wadda ta koya maka ɓoyo. Ni ce. Saboda haka ka sami wuri ka zauna ka karanta, ko da ta yi tsawo. Na gaji, yatsuna ba sa riƙe alƙalami kamar lokacin da nake koyarwa, ba na jin zan sake rubuta irinta.

Zan fara da kifinka na farko, shuɗin nan, domin ban taɓa gaya maka gaskiyar yadda ya mutu ba. Ka tuna ka sayo shi a Maraɗi shekarar da ka shiga makarantar horon malamai, ka ce sunan irinsa beta, na ado ne, ba na miya ba. Da aka hana ku ajiye shi a ɗakin ɗalibai ka kawo mini shi cikin babbar kwalba mai faɗin baki, da ganyen ruwa biyu, da takarda a ninke wadda ka rubuta yadda ake kula da shi. Ban buɗe ta ba. Na ce matar da ta raini yara, ta kiwata awaki da zabi, ba za a koya mata kiwon abin da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba.

Zamansa ne ya fara ba ni haushi. Kifin da na sani tarwaɗa ce, wadda ko a kwano aka sa ta sai ta watsa wa mutum ruwa a fuska. Wannan kuwa sai ya zagaya kwalbar sau biyu yana jan faffaɗar wutsiyar nan da fukafukan da suka fi jikinsa tsawo, ya hau sama ya kurɓi iska, ya je ya miƙe a kan ganye. Wani lokaci a gindin kwalbar zan same shi, ya jingina a karkace. Ka san ni, ba na iya ganin mai rai a kwance da rana tsaka. Sai in ƙwanƙwasa kwalbar da zobena. Idan ya ƙi tashi in sa cokali in juya ruwan, ruwa ya kwashe shi ya yi ta kokawa, ni ina cewa yawwa, ashe ka iya. Da ruwan ya lafa sai ya faɗi ƙasa, gefen wuyansa yana bugawa da sauri.

Wata rana Babanka ya taso daga kan kekensa na ɗinki ya same ni da cokali a hannu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce:

"Malama, kin taɓa shiga ruwa da babbar riga?"

Na ce wace irin tambaya ce wannan.

"To, kifin ga da babbar riga aka haife shi, mai aska takwas ma. Jan ta kawai aiki ne. Ki bar shi shi huta."

Na yi tsaki na ce shi tela ko kaza ya gani riga yake gani a jikinta. Ya koma zaure bai ƙara ba, ni kuma ban daina ba.

Haka na yi da kai. Kana shekara shida, muna tafiya lakwal tare, ka tsuguna a bakin hanya wajen masu waina ka ce in jira ka kaɗan. A nan na fara kiranka rago, a gaban mutane. Ba zan fake da rashin sani ba, likita ya gaya mana sunan ciwonka tun kana shekara huɗu. Tsoro nake ji, ina ganin idan na bar ka ka kwanta ba za ka sake tashi ba. Ga kuma kunyar ɗan fari, da ta hana uwa ta lallashi ɗanta a idon jama'a. Na laɓe a bayanta na yi ta zaginka, mutane suna yaba mini wai ban sangarta yaro ba. Yanzu ga ka a gaban aji. Babu dokar da ta ce malami ya yini a tsaye, ni da na yi aikin nake gaya maka. Ka rubuta abin da za ka rubuta a tabulo, babban allon aji, ka ja kujera ka zauna. Idan ka ji numfashinka yana gajarta ka ba yara aiki a allunansu, ka jingina. Sannu ba ta hana zuwa, darasin da bai ƙare yau ba yana nan gobe.

Kuskure na biyu da kyakkyawar niyya na yi shi, shi ya sa ya fi ci mini rai. Da ɗari ya shigo ruwan kwalbar ya ɗan yi duhu, na ce bari in canza masa. To a gidan nan wane ruwa ya fi daraja? Na randar da ke gindin bishiyar bedi, wanda sanyinsa ke kama haƙori. Shi muke tarar baƙo da shi, shi na ba surukaina. Na zubar da nasa kaf na cika masa da na randa da sassafe, ina ji a raina na yi masa karamci. Kafin hantsi launinsa ya koɗe, ya naɗe fukafukansa jikinsa kamar lema, ya kwanta a ƙasa, na zuba abinci bai ko kalla ba. Na ce lalacin ne ya ƙaru. Duk bayan kwana uku ina maimaita masa wannan karamci. Ashe a takardarka ka rubuta cewa ɗan ruwan ɗumi ne, sanyi kashe masa jiki yake yi. Ka ce a tari na famfo a bar shi ya kwana a ɗaki, warin jabel ɗin da ake tsabtace ruwa da shi ya fita, ya ɗauki ɗumin wurin, kuma a rage kaɗan a ƙara kaɗan, kada a juye duka.

Ban sani ba ko ka tuna, amma ni ban manta ba. Kana shekara tara, cikin irin wannan ɗarin, ka ce ƙafafunka na ciwo ba za ka iya tashi ba. Na ɗaga ka na kai ka makewayi, na ɗebo ruwan wannan randar na sheƙa maka daga ka har ƙafa, wai in kore maka kasala. Ka je lakwal kana rawar sanyi. Kafin azahar aka ɗauko ka kana kuka kana riƙe da ƙaurinka, muka yi kwana shida a likita ana yi maka ƙarin ruwa. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya tambaye ni ko sanyi ya taɓa ka. Na dubi idonsa na ce a'a. Babanka yana tsaye bai tona ni ba, har yau kuma bai taɓa tayar da maganar ba, ni ce ba ta bari na huta ba.

Ɗari yana tafe, kuma na ƙauye ya fi na gari cizo. Za ka ga samari suna wanka a bakin rijiya da asuba suna dariya. Kai ka ɗora tukunya ka ɗuma naka. Za su ce mushen birni wankan jego yake yi, ka yi dariya tare da su ka ci gaba da hura wutarka. Rigar sanyin da ka ce ta yi maka kama da ta tsofaffi, ka sa ta. Ka riƙa yawo da gorar ruwa kana sha ko ba ka jin ƙishirwa, domin ka san jininka ba ya son bushewa. Shi ma jan kifin naka, ruwan rijiyar can ka bar shi ya kwana a ɗaki kafin ka ba shi, ko da yake wannan kai ne za ka koya mini.

Sai madubi. Wannan Zara'u ce ta gano shi ba da gangan ba. Tana sa kwalli kusa da kwalbar, kifin ya hango kansa a ɗan madubinta. Nan take abin da ya yi kwanaki a kwance ya zabura, ya baje fukafukansa duka, ya buɗe wuyansa, shuɗinsa ya dawo har yana ƙyalli. Na yi murna, na ce ga maganin lalaci ya samu. Na karɓe madubin na jingina shi jikin kwalbar, na bar shi nan safe da yamma. Duk wadda ta shigo gidan sai na kira ta ta ga kifin ɗana yana taƙama. Ban san cewa shi a ganinsa wani namiji ne ya shigo masa gida ba, kuma irinsu ba sa haɗa wuri da ɗan'uwansu. Faɗa yake yi, ba wasa ba, da abokin gaba wanda ba ya gudu kuma ba ya gajiya sai in shi ya gaji. Ya daina hawa ganyensa. Bayan mako guda na ga wutsiyar ta yi yaga-yaga, na ɗauka ganyen ne ya yanke ta, sai da na gan shi da idona ya juya yana cizon abarsa.

Kai madubinka Sani ne, ɗan kawunka na Tchaké, sa'anka. Dubi Sani yana ɗaukar buhu, dubi Sani ya nome kadada shi kaɗai. Ban san sau nawa na faɗa ba. Kana shekara goma sha biyar ka ce a bar ka ka je girbi gonar kawu, ni kuwa na ji daɗi har na soya maka gyaɗa. Ka yini kana ɗaukar damman hatsi zuwa rumbu, Sani ya ɗauki ɗaya ka ɗauki ɗaya, ba ka yarda ya wuce ka ba. A amalanke aka fito da kai bakin hanya. Da na iso kana kwance idonka ya yi rawaya, abin da ka fara ce mini shi ne dami ashirin da biyu ka kai. Ka faɗa kana jiran in yaba, ni kuma, Allah ya yafe mini, na yaba.

Yanzu kaka ce, kuma ka sauka a ƙasar hatsi da wake. Za a kira gayya, za a ce a gayyato sabon mushe, ba don mugunta ba, don girmamawa. Ka je. Ka gaishe su, ka kai musu goro, ka zauna a inuwa ka dafa musu shayi, idan hannunka na ƙaiƙayi ka taya mata ɓarar wake. Amma kada ka ɗora dami a ka. Abokan aikinka za su buga ƙwallo da la'asar, ka riƙe musu usur. A kowane gari akwai Sani, wani ma ya fi na Tchaké ƙarfi, kuma babu wanda zai kwanta a gadon likita a madadinka.

Shuɗin kifin bai kai ƙarshen ɗarin ba. Wata safiya na same shi a gefe ɗaya, fari fat, na kwashe shi da ludayi na binne a gindin bedi. Na kira ka a salula na ce kwanansa ne ya ƙare. Ka ce, "Ba komai, Mama." Da ka zo hutu ka shiga ɗaki ka ga madubin yana nan jingine jikin kwalbar da babu komai a ciki, ka ga takardarka a kan taga da ninkin da ka yi mata. Ka ɗauke ta ka sa a aljihu. Ina bakin ƙofa ina kallonka, ina jira ka yi mini faɗa, da ka yi da na sami sauƙi. Sai ka tambaye ni ko akwai sauran fura. Kada ka yi koyi da ni a nan: idan ka yi wa yaro kuskure a aji, ka faɗa masa tun abin yana ɗanye. Ni na bar nawa ya shekara biyu, ga shi sai a takarda nake iya faɗa.

Jan da ka sayo daga baya ba ka ba ni riƙonsa ba, kuma ban ga laifinka ba. Wannan hutun da ya wuce na zauna ina kallon yadda kake yi da shi. Ka sa shi a mazubi mai faɗi marar zurfi, don kada hawa shan iska ya wahalar da shi. Ka ajiye masa ganye dab da saman ruwa. Abinci ƙwaya uku, ba ka ƙarawa ko ya yi ta bin yatsanka. Ka rufe bakin da yankin gidan sauro saboda yana tsalle, ka kawar da shi daga rana, ka kawar da shi daga iskar ƙofa. Idan ka shigo ɗakin yakan taso gaba ya tarye ka, har ya tara kumfa a kusurwa, ka ce alamar ya sami wurin zama ke nan. Duk da haka rabin yini a kwance yake a kan ganyensa. Wata rana hankalina ya tashi na tambaye ka ko ba shi da lafiya, sai ka ce:

"Hutawa shikai, Mama. Dubi launinai, dubi fukafukan a sake. In na kawo abinci yanzu zai taso. Wanda ba shi da lafiya naɗe su shikai, shi koɗe, shi ƙi ci. Kifi bai iya ɓoyo ba."

Na fita na shiga madafa ba don ina da aiki ba. Kai ka san bambancin hutu da ciwo a jikin abin da bai kai ɗan yatsa ba, ka ba shi duk abin da ni na hana ka, amma naka jikin ba ka yi masa ko rabin wannan adalci. Kifi bai iya ɓoyo ba, kai kuwa ka ƙware. Mu a gida mun san alamunka duk da haka. Idonka yakan canza, kana riƙe gwiwar hannunka kamar ba da niyya ba, kana bin jikin bango in za ka fita, maganarka ta ragu. Babanka tun daga zaure yake gane takunka. A can wa ya san wannan? Za su ga mushe ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, su ce mutum ne mai son kaɗaici, su bar ka don ladabi. Kafin wani ya yi tunanin ƙwanƙwasawa an yi asarar yini guda, ga rairayi tsakaninka da likita.

Saboda haka ga abin da nake so, kuma ba shawara ba ce. Ka sami direkta shi kaɗai ka gaya masa da bakinka. Ka gaya wa mai masaukinka, ka ce idan hantsi ya yi bai ga ka fito ba ya shigo ko ba sallama. Ka ɗauki katinka ka je Attantané wurin majon likitar can tun kana da lafiya, ya san fuskarka, ya san abin da ake yi maka in ya tashi. Ka nemi mai babur guda wanda za a iya tasa kowane lokaci, ka ba su duka lambar Babanka. Mai yiwuwa wani ya raina ka, ban ce ba za a yi ba. Raini dai ba a kwantar da mutum a likita saboda shi.

Ina iya samun lambar direktan nan yau in na so, tsofaffin abokan aikina ba su ƙare ba. Na hana kaina, don na yi maka isasshen katsalandan a rayuwa, kuma kai ba yaro ba ne. Na ba ka kasuwar Mayahi biyu. Idan ta biyun ta ci ba ka kira ni ka ce ka faɗa ba, zan hau mota zuwa Mayahi, in hau kabu-kabu in keta rairayin nan da gwiwoyin da ko masallacin unguwa da kyar suke kai ni, in zo in faɗa da kaina. Ka san zan iya. Ina roƙonka kada ka sa ni wannan tafiyar, na gaji ƙwarai.

Saura abu ɗaya. Uwa ba ta saba neman gafarar ɗanta ba, ban san yadda ake shirya maganar ba, don haka zan faɗe ta yadda ta zo. Ka yafe mini. Ban taɓa haihuwar rago ba. Yaron da ya je lakwal da ciwon da zai kwantar da ƙato, ya gama, har aka ba shi aji, ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, ni da na yi ta aunawa da yawan motsi.

Allah ya tsare mini kai a zaune da a tafe. Ya sanyaya maka ƙasusuwanka, ya nisanta ka da ciwo, idan ya zo kuma ya sa akwai mutum kusa. Ya sa yaran da aka ba ka su amfana da kai, ya dawo mana da kai lafiya. Ka gaishe da mai masaukinka da iyalinsa, ka ce uwar mushe tana godiya. Kuma ka riƙa kirana ranar da kake jin ciwon, ba sai ranar da ka warke ba.

Wassalam.

Mahaifiyarka.